Karyar Bakanike

Da bakanike ya rasu, ya bar wa matarsa gida mai ɗaki biyu, da wata mota marar taya a tsakar gida, da karya. Karyar ta gareji ce, a can ta tashi cikin baƙin mai da tarkacen ƙarfe, shi ya sa ya raɗa mata suna Sifana. Matar ba ta taɓa ƙaunar ta ba. Duk ranar da ta biyo shi gida, da tsintsiya ake raka ta ƙofa.

Bayan an rufe garejin, sai ga Sifana ta kawo kanta, ta shige ƙarƙashin motar ta kwanta. Matar ta ɗauko tsintsiya, ta tsaya tana kallon ta, ta rasa ƙarfin ɗaga hannu. Tun daga ranar take zuba mata ragowar abinci a wani fasasshen kwano.

A nan Sifana ta haihu, 'yan kwikwiyo huɗu. Da farko sun yi ɓul-ɓul, daga baya sai cikinsu ya kumbura kamar an hura, ƙafafu kuwa tsinke. Uwar ta rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinta, gashinta ya dushe, kashinta ya yi baƙi kamar kwalta. Matar ta ɗauka shayarwa ce ta tsotse ta, sai ta ƙara mata abinci. Ɗan kwikwiyo ɗaya ya mutu, wani ya bi shi. Wata safiya matar tana shara ta ga na uku ya yi amai, wasu fararen abubuwa dogaye suna motsi a ciki. Kafin rana ta take shi ma ya miƙe.

Ta aika aka kira ƙanin mijinta, direban motar kaya.

"Matar Yaya, ke ce yau kike neman asibiti saboda kare?" in ji shi, yana dariya. "Da Yaya zai tashi ya gani, da sai ya sake komawa don mamaki."

"Ka ci gidanku. Ɗauko ta a hankali, ba buhu ba ce."

Da ya sunkuya ya ɗago Sifana, ya ji ba ta fi nauyin kaza ba, sai ya daina dariya.

Asibitin dabbobin ɗaki ɗaya ne mai teburin ƙarfe, warin magani ya cika shi. Likitar, wata mace mai tabarau, tana ganin karyar ta ce, "A'a, Sifana! Me ya same ki haka?" Ta ɗaga leɓen karyar. Dadashin fari fat, babu alamar jini. Matar ta ba ta labarin 'yan kwikwiyon da abin da ta gani a cikin aman.

"Mama, tsutsar ciki ce," in ji ta. "Dogayen da kika gani su ne masu cinye abincin. Akwai ƙanana da ba a cika gani ba, suna maƙale wa hanji suna shan jini. Daga jikinta 'ya'yan suka ɗauka, wasu tun suna ciki, wasu ta nono. Amma ina mai ita? Bai taɓa bari lokacin maganinta ya wuce ba."

"Ya rasu," in ji direban.

Likitar ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Allah ya jiƙansa. A kan bencin nan yake zama, da kayan aikinsa duk mai. Ya ce min a gida ba a son ta, amma kullum sai ya tarar an ƙara masa abinci fiye da cikinsa. Ya ce ya san don wa ake ƙarawa, ya dai yi shiru don kada a daina."

Matar ta dubi bencin. Ta ja bakin mayafinta ta toshe baki.

"Ban san ana ba ta magani ba, 'yata. Bai taɓa gaya min ba."

"Ba laifinki ba ne, Mama."

Aka yi wa Sifana allura, aka ɗura mata ruwa. Likitar ba ta ɓoye musu ba, ta ce jinin ya yi ƙasa ƙwarai, sai dai a gwada. Ta ba da maganin ɗan kwikwiyon da ya rage, ta ce a riƙa kwashe kashi a binne, a wanke hannu da sabulu, kada a bar jikoki su taka wurin ba takalmi.

A gida matar ta shimfiɗa mata tsohuwar rigar aikin marigayi a inuwar bango. Sifana ta shinshina ta, ta ɗora haɓa a kai. Washegari da yamma matar ta kawo mata romo. Sifana ta lasa sau ɗaya, ta ɗan kaɗa wutsiya, ta lumshe ido. Matar na tsugune a wurin, hannunta a kan wuyan karyar da ba ta taɓa shafawa ba, har numfashin ya ɗauke.

Direban ya haƙa rami a bayan gida. Da ya gama mayar da ƙasa, ya nuna ɗan kwikwiyon da ke tangaɗi a gindin famfo.

"Wannan fa? Akwai wani mai gadi da ke neman kare."

Ta share ido da bayan hannu. "Bar shi tukuna, bai gama shan maganinsa ba. Zo ka riƙe min shi, ni ban iya buɗe masa baki ba."