Baro Uku na Yashi

Ni Lemuel Gadsden, makarantata ba ta wuce aji uku ba, amma babu mai koya mini lemo a garin Orlando na jihar Florida. Na buɗe ido na tarar da titunan garin nan yashi ne, shanu na kwana a bakin tafki, in lemo ya yi fure kuwa har kayan shanya ƙamshi suke yi. Jiniyar gidan tattara lemo ce agogonmu. Daga baya masu kwat suka zo suna sayen daji, aka gina wuraren wasanni, aka shimfiɗa manyan tituna, katafila ta bi gonaki tana tuge bishiyoyi ana cinna musu wuta. Yau ka ce wa baƙo nan garin lemo ne, sai ya nuna maka na roba a shagon tsaraba.

Gonar babanmu eka goma ce. A kanta aka gina otal mai hawa tara, aka bar bishiya ɗaya tak a tsakar gida, kusa da wurin ninƙaya, don baƙi su yi hoto. Ni aka ɗauke ni mai ban ruwan furanni, ƙanwata Ozella kuma tana ɗakin wanki.

Bishiyar nan ba irin ta kowa ba ce. A nan aure muke yi wa lemo: a shuka mai ɗaci, don saiwarsa ce ke jure ƙasarmu, a tsaga ɓawonsa taƙi ɗaya daga ƙasa, a cusa idon reshen mai zaƙi, wato inda yake toho, a ɗaure. Sama zaƙi, ƙasa ɗaci. Baba ya samo idon ne a kangon wani gida, ya aura da wuƙarsa, ya sa wa bishiyar sunan mahaifiyarmu, Vesta. 'Ya'yanta munana ne, ɓawo kaushi da tabo-tabo, amma wanda ya sha ba ya mantawa. Bayan katafila, ita kaɗai ta rage a duniya. Ban kai idonta wani wuri ba, don a bene nake haya, ko tukunyar ƙasa ba ni da inda zan ajiye.

Duk wanda ya tashi a gona ya san aikin Nuwamba: ka tara yashi a gindi har ya rufe gaɓar auren. In sanyi ya kashe sama, abin da ke cikin yashi zai tsira, ya sake toho da zaƙinsa. Haka na cece ta a sanyin shekarar alif ɗari tara da tamanin da uku, haka a na tamanin da biyar. Sau biyu tana mutuwa har kusan gindi tana dawowa, shi ya sa rassanta ɗanyu ne a shekarar tamanin da tara, lokacin da aka kawo mana sabon manaja daga arewacin ƙasar, Mista Kessler.

Na zuba yashina baro uku, ina dannawa da bayan shebur, sai ga shi da takalmi mai ƙyalli.

"Lemuel, wa ya mutu muka binne a nan?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Don kada a mutu ne."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana duba agogo.

"Mutanen nan sun tsere wa ƙanƙara ne suka zo Florida," in ji shi. "Ba za su yi hoto da kabari ba. Ni na san sanyi, a cikinsa aka haife ni. Wannan naku ai fanka ce. Kwashe shi kafin rana ta faɗi."

Lokacin cin abincin rana na faɗa wa Ozella. Ta ajiye soyayyen kifinta.

"Yaya, kai da ka taɓa korar ɗan sanda daga gonar Baba da laujen yankan ciyawa, yau wannan mai ƙamshin turaren ne zai juya ka?"

"Ke, shekaruna sittin da bakwai. Wa zai ɗauke ni in ya kore ni?"

"To kwashe. Amma in ka je lahira kai za ka yi wa Mama bayani, ni ba ruwana."

Na kwashe. Da hannuna na kwashe, ba wani aka aiko ba. Aka zuba farar tsakuwa a wurin, aka naɗe rassan da ƙananan fitilu. Na ce a raina, in rediyo ya yi gargaɗin sanyi zan mayar, ai aikin rabin awa ne.

Rediyo ya yi gargaɗi ana saura kwana biyu Kirsimeti. Na turo barona da yamma, na tarar an dasa kujera a gindin Vesta, wani ƙato da jar riga da gemun auduga yana zaune, iyaye sun ja layi har ƙofar otal suna jiran hoto. Mista Kessler ya tare ni da hannu.

"Ba yau ba, tsoho."

"Yallaɓai, yau ne. Gobe babu amfani."

"Bayan biki ka zuba ko tifa guda ce."

Ya kira mai gadi ya karɓe baron ya kulle a sito.

Da safe ruwan famfon tsakar gida ya zama dutse. Ɓawon Vesta ya tsage daga sama har ƙasa. Na kankare gaɓar auren da farce, maimakon kore na ga ta yi baƙi ƙirin. Baƙin otal na ta ɗaukar hoton ƙanƙara a jikin ganye suna dariya, wai abin mamaki a Florida.

Da bazara gindin ya yi toho, daga ƙarƙashin gaɓar. Tun daga ganyen da ƙayoyin na gane ko wane ne: mai ɗacin nan. Ozella ta fito ta duba, ta goge hannu a riga, ta koma ɗakin wankinta. Gara da ta zage ni.

Bayan shekara huɗu bishiyar ta yi 'ya'ya, jajaye, sumul-sumul, suna sheƙi kamar na shagon tsaraba. Mista Kessler ya daɗe da samun ƙarin girma ya koma wani gari, ko wanda zan yi wa faɗa ban samu ba. Wanda ya gaje shi ya dafa kafaɗata.

"Ka ga kyau, Lemuel! An ce da can wasu munana take yi."

Ya sa aka kafa allo a gindinta, aka rubuta cewa wannan ne lemon zaƙin da ya gina Orlando.

Baƙi na karantawa, su tsinka a ɓoye, su gatsa, su tofar. Kowace safiya aikina na farko shi ne in bi bayan kujerun wurin ninƙaya ina tsince su, kowanne da cizo ɗaya a jiki. A baron nan nake zuba su.