Hoton Da Aka Manna A Ƙarƙashin Gado

Ni dai tun da na ga mai gadin nan yana murmushi na san akwai wata a ƙasa.

Sunana Lorraine Tattersall. Kifi da dankali nake soyawa a Fleetwood, garin masunta a bakin teku can arewa, a shagon da marigayi mijina Dennis ya bar mini. Ɗa ɗaya gare ni, Kieran, kuma kaf zuriyarmu shi ne ya fara taka tsohuwar jami'ar nan ta kudu, wadda 'ya'yan manya suke shiga kamar ɗakin uwarsu. Yana shekararsa ta biyu ke nan. Kwana biyu in na kira shi sai ya ce yana laburare, sai ka ce a can ya tare. Shi ya sa wata Asabar na bar wa ƙawata Glenys shago, na cusa gwangwanin biskit a jaka, na hau jirgin ƙasa ban gaya masa ba.

Mai gadin ƙofar kwalejinsu ya dube ni, ya dubi jakata, ya ce, "Ke ce mahaifiyar Mista Tattersall? To, to. Ai jiya ya yi baƙi."

"Waɗanne irin baƙi?"

"Irin na samari," in ji shi, yana wannan murmushin da na tsana.

Da na hau bene na ga ƙofar ɗakin tana lilo a jikin bango. An yage littattafansa an jiƙa su da jar giya a kwanon wanke fuska. An farke katifa, an karya kujera, an tumɓuke labule. Kwamfutarsa, wadda na yi bazara guda ina tsaye a gaban tafasasshen mai kafin in saya masa, ga ta nan a ƙasa an raba ta biyu. Shi kuwa gogan yana tsakiyar ɗaki da tsintsiya a hannu, yana fito. Fito fa, irin na wanda aka yi wa albishir.

Da ya gan ni fiton ya tsaya.

"Mama, me kike yi a nan?"

"Gidanku nake yi. Wa ya yi maka wannan?"

"Ɓarayi ne, ina jin."

"Me suka ɗauka?"

Ya duba hagu, ya duba dama, ya ce ba komai.

"Ɓarawo ya hau bene, ya ga kwamfuta, ya ce a'a shi fasawa zai yi? Kai, ni na haife ka. Zo mu je wajen shugaban kwalejin, in shi ya ƙi mu tafi ga 'yan sanda."

Ya riƙe mini hannu da ƙarfi har na ji zafi. "Mama, don Allah kada ki yi. Ki bar maganar nan. In kin kai ƙara kin gama da ni."

Tsoro na gani a idonsa ƙarara, sai hankalina ya tashi. Na ce a raina shi ke nan, wasu 'ya'yan masu kuɗi sun saka ɗana a gaba saboda harshensa na arewa da takalminsa na kanti mai araha, har sun tsorata shi ya kasa faɗa. Ko kuwa ƙwaya ce? Ko budurwar wani ya taɓa? Na kalli idonsa, fari tas. Na shinshina rigarsa da sunan gyara masa wuya, giya kawai na ji, ita ma ta jiya.

Na karɓi tsintsiyar na durƙusa ina jawo gilasai daga ƙarƙashin gado, sai hannuna ya taɓa wani abu a jikin katakon. An naɗe shi cikin rigar sanyin da na saƙa masa, an bi da salatif an manne shi tam, aiki na nutsuwa. Na ɓanɓaro. Hotonmu ne, ni da Dennis a ƙofar shago ranar da muka buɗe, ina ɗaure da zanen gaba na aiki duk mai, da hular raga a ka, shi kuma ya rungumi wani ƙaton kifi yana dariya har da giɓinsa. Ko tsagewa gilashin bai yi ba.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na ce duk abin da ke ɗakin nan, mu ya ceta. Sai da na zauna a jirgi a hanyar komawa, biskit ɗina ma na manta ban ba shi ba, sannan abin ya faɗo mini. Wa yake manna hoto a ƙarƙashin gado kafin ɓarayi su zo, in ba wanda ya san suna tafe ba?

Ran Laraba da rana Glenys ta ce ta gaji da ganin fuskata kamar kifin jiya, sai mun je silima a Blackpool, garin da ke maƙwabtaka da mu. Ita ta zaɓi fim ɗin, wai don akwai kyawawan samari a ciki. Labarin wata ƙungiyar mashaya ne a irin jami'ar su Kieran, 'ya'yan manya kaɗai, ba a neman shiga, sai dai a zaɓe ka. Suna da kwat ɗinsu mai jela, da waƙarsu, da tsofaffin 'yan ƙungiya a majalisa da bankuna waɗanda suke share musu hanya.

Ina cin gugguru hankalina rabi a gida, sai na ga babbansu ya tare wani yaro a lungu ya ce masa, "Za mu zo ɗakinka. Kada ka ɓoye komai. Wanda ya ɓoye abu ya nuna abin ya fi ƙarfinsa ke nan, mu kuwa ba ma zama da wanda abu ya fi ƙarfinsa." Suka zo, suka ɓalle ƙofa, suka farke katifa, suka tuttula giya a kan littattafai. Yaron yana tsaye yana kallo ana take kwamfutarsa, yana dariya. Da suka gama suka rungume shi, suka ce barka da zuwa.

Na ajiye gugguruna.

Daga baya suka kama ɗaki a wani gidan cin abinci na ƙauye da sunan ƙarya, suka ci suka sha, suka ragargaza wurin. Mai gidan ya fito da zanen aikinsa a gaba yana roƙonsu, suka kwantar da shi suka yi ta duka. Ban ga fuskar ɗan wasan ba sam, Dennis nake gani.

Da muka fito Glenys ta ce, "Ke kuma lafiya? Kamar wadda ta ga mai bin ta kuɗin haya."

Na gaya mata duka. Sai ta ce, "Haba Lorraine, fim ne. Su masu fim ai komai sai sun ƙara gishiri. Kieran ɗin da yake kuka in an jefa ƙaguwa a tukunya?"

"Mai gadi ya ce ya yi baƙi."

"To ko da gaske ne, ke ba ki ji abin da suka ce ba? An hana ɓoye komai, shi ya ɓoye ku. Ya bar kwamfuta ya ɗauke uwarsa da ubansa. In ni ce ke da na yi rawa."

Na so in yarda da ita, Allah ya sani. Na kwana biyu ina juya maganar kamar yadda nake juya kifi a kasko, ɓangare ɗaya ya yi kyau, ɗayan ya ƙi. Ran Lahadi na sake hawa jirgi.

Ɗakin ya koma sabo. Sabuwar ƙofa, sabon labule mai kauri, sabuwar kwamfuta da ta fi wadda na saya masa. Na tambayi wa ya saya, ya ce abokai. A bayan ƙofa kuwa ga wata doguwar jakar tela a rataye. Ban nemi izini ba na ja zif. Kwat ne kore mai jela, maɓallansa na tagulla, kowanne da zanen kan barewa.

"Na ga fim ɗinku," na ce.

Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "Mama, ba haka abin yake ba. Fim ne."

"Haka Glenys ta ce. Kai ma ɗakinka fim ne?"

"To, sun zaɓe ni. Kin san mutum nawa suke mafarkin haka? Uban wannan alƙali ne, kawun wancan yana da banki. Ni in na gama, wa na sani? Glenys? Ke kika ce in zo nan in zama wani abu. Ga hanyar nan ta zo har ɗakina."

Har maganarsa ta sauya, yana jan kalmomi ta hanci irin nasu. Sai dai in ya fusata ne harshen Fleetwood yake ɓullowa.

"Ranar da za ku je fasa shagon wani, kai za ka riƙe masa hannu ko kai za ka kai dukan?"

"Ba zan taɓa kowa ba. Kin san ni."

"Da na sani. Gaya mini abu ɗaya, Kieran, kada ka yi mini kwana-kwana. Hoton nan, me ya sa ka ɓoye shi?"

"Don kada su fasa mana. Me kuma?"

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"To ai sun gama fashe-fashensu. Ga ƙusarsa can a bango, ban ga komai a kai ba. Ɗauko ka rataye."

Ya buɗe akwatinsa, ya ɗaga kaya, ya zaro hoton daga can ƙasa. Ya rataye shi a ƙusar, har ya goge gilashin da hannun riga. Dennis ya dawo bango da kifinsa. Na ji wani sanyi a ƙirjina, na ce a raina ke Lorraine kin cika zargi, yaron nan naki ne. Na buɗe jaka na fito da biskit, na ce ya ɗora ruwan shayi.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo ba a jira amsa ba. Wani dogon saurayi ne mai gashi ruwan zuma, rigar sanyinsa a huje a gwiwar hannu, irin hujin da sai ɗan masu kuɗi yake yawo da shi ba kunya.

"Tatters, tela ya ce—" Sai ya gan ni. "Af, ku yi haƙuri."

Ban ma ga lokacin da Kieran ya bar wajen butar shayi ba. Kawai na gan shi a jikin bango, ya jingina, ya harɗe hannu, kafaɗunsa sun rufe hoton ruf.

"Rollo, wannan mahaifiyata ce," in ji shi daga inda yake.

Yaron yana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya sunkuyo ya kama hannuna, wanda mai ya yi wa tabo har wuyan hannu, ya ce, "Na ji daɗin ganinki, ranki ya daɗe. Tatters ya ce danginku harkar jiragen ruwa kuke yi a can arewa. Kakana ma ya taɓa ta. Har yanzu kuna ciki?"

Na dubi ɗana. Kunnuwansa sun yi ja. Ido kawai ya zuba mini, irin kallon da yake mini yana ƙarami in za a yi masa allura. Kuma ko taku ɗaya bai matsa daga bangon ba.

Kalma uku ta isa. Kifi nake soyawa. Har ta zo bakina.

"Da dai," na ce. "Yanzu mun rage."

"Haka abin yake ko'ina," in ji Rollo. Ya ɗauki biskit ɗaya, ya ce mai dafa mana abinci ta iya hannunta, ya gaya wa Kieran tela yana jiransa gobe, ya fita.

Butar ta tafasa ta kashe kanta, ba wanda ya kula ta. Kieran ya matsa daga bangon a hankali.

"Mama, na gode."

Da ma zagina ya yi. Na miƙa hannu na cire hoton daga ƙusa, na naɗe shi da ɗankwalin wuyana, na saka a jaka inda gwangwanin biskit ya fito. Na yi abin a hankali, na daɗe ina gyara bakin jakar, na daɗe ina neman safar hannuna da ke cikin aljihuna, don in ba shi lokaci.

Ya raka ni har ƙofar kwaleji, ya riƙe mini jakar da kansa. Bai ce in bar hoton ba.