Ina Ƙarfen Yake?

Tamimu ya zo New York a 1991 da shekara goma sha huɗu na aikin fanalbita a Kano, da kuma bakin da ya fi aikin tsawo. Cewa yake babu motar da ba ta gaishe shi in ta gan shi. Abena, 'yar Gana mai gareji a bayan Fordham Road, ta gaji da surutunsa, ta ba shi kusurwa guda a gwaji. In aikin farko ya yi kyau ya zauna, in ya ɓaci ya koma sayar da lema a bakin titi, inda ta tsince shi.

Aikin farkon kuwa tsohuwar motar tsere ce ta shekarun sittin, mai kujera biyu, fentinta duk ya tsattsage kamar diddigen manomi. Mai ita Alhaji Barmo ne, wani babban ma'aikaci ɗan Nijar. Aiko ta ya yi, sannan ya bugo waya. Abena ta tafi Stapleton biki na kwana biyu, don haka Hamidou mai tasi, wanda kullum yake garejin yana shan shayin mutane, shi ya ɗauka. Alhaji ya yi ta zuba Faransanci, Hamidou yana ta wi, wi. Hamidou aji uku ya yi a Maraɗi, amma duk mutanen unguwar Bronx ya shaida musu shi da Faransawa ba tafinta.

"Mi ya ce? Ya ce kore yake so," in ji Hamidou bayan ya ajiye. "Sau ukku yana faɗin ber, ber. Kore ke nan."

Tamimu ya ce kore ba matsala, amma sai an kankare tsohon fenti har ƙarfe ya fito yana ƙyalli, haka aka koya masa. Ya ƙwanƙwasa jikin motar, ya ji sauti kamar na ƙwarya. Ya ɗora maganaɗisu a ƙofa, ya zame ya faɗi. Ya gwada bonet, ya faɗi. Nan ya kama kai, ya ce Amurkawa ba su da tsoron Allah, mota guda sun shafe ta da fila, ƙullin cike lotsa, tun daga hanci har wutsiya, an cuci Alhaji.

Ya jona giranda, injin goge ƙarfe, ya hau gefen gaba na dama. Jan fenti ya tafi, shuɗi ya fito a ƙasansa, shi ma ya tafi. Sai wani abu fari-fari mai zare-zare. Tamimu ya ce wannan sabuwar fila ce, har da gashi suke sa mata. Ya ƙara dannawa, yana ta faɗin ina ƙarfen yake. Ƙura ta tashi, hannuwansa suka fara ƙaiƙayi kamar ya rungumi ƙaiƙayin gero. Yana susa yana niƙa, Hamidou na tsugune ta wajen taya yana ba shi ƙarfin gwiwa, wai saura kaɗan.

Giranda ta faɗa ciki. Tamimu ya leƙa ramin, ya ga idon Hamidou yana leƙo shi daga ɗaya ɓangaren.

Haka Abena da Alhaji Barmo suka same su washegari da hantsi, sun jingina kwali a kan ramin. Alhaji ya ɗaga kwalin da bakin sandarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambaya a hankali wa ya ɗauki wayarsa jiya. Ya ce shi fibre de verre ya faɗa, zaren gilashi da aka haɗa da danƙo, jikin motar ke nan gaba ɗaya, kuma ya ce kada inji ya taɓa ta. Hamidou ya ce ai gilashi da kore a Faransanci sauti ɗaya ne, laifin Faransawa ne.

"Kai, aji nawa ka yi a lakwal?"

"Alhaji, lokacin lakwal na lakwal ne."

Tamimu dai tuni ya fara tunanin wace kwanar titi ce ruwa ya fi kama mutane ba lema. Abena ta shafa bakin ramin da yatsa. Ta ce a garinsu da irin wannan ake liƙe jiragen kamun kifi, ta ga an toshe wanda ya fi wannan sau goma. Ta naɗe wayar giranda, ta kulle ta a kabad, ta jefa makullin a jaka. Ta miƙa wa Tamimu reza ɗaya da samfefa.

"Sauran fentin da wannan za ka cire, kaɗan-kaɗan, kamar kana yi wa surukinka aski. Ramin ni zan nuna maka. Ka gama, kusurwar taka ce."

Sati uku ya yi yana kankara, rezar a kwance, jan fenti na faɗowa siri-siri. Ya koyi jera zaren gilashi, ya shafa danƙo, ya goge da ruwa har Alhaji ya kasa nuna inda ramin yake. Kusurwar ta zama tasa, tare da sunan da bai roƙa ba: Ina Ƙarfen.

Ranar fenti ya ƙi yarda da kowa, ya bugo wa Alhaji da kansa, ya ce don Allah a faɗa masa launin da Hausa. Alhaji ya ce kore. Hamidou ya yi wata guda yana faɗa wa fasinjojinsa ai shi ya faɗa tun farko.