Motar Hajiya Mai Kujera Biyu

…kuma wai ni ce zan zaɓa. Ni Hamdiya, da na taso daga Lyon a jirgin ƙasa na safe ko shayi ban kurɓa ba, ni ce zan tsaya a wannan fili na bayan Paris, cikin fararen motoci jere kamar shanun talla, in zaɓa wa mahaifiyata ɗakin da za ta yi yawo a cikinsa. Kamping-kar. Mota mai gado, mai murhu, mai banɗaki. Ta mutum biyu.

Haka ta ce a telefon: "Na aje aiki, gwiwoyina sun gaji da jirgin metro. Ina son in ga teku da duwatsun ƙasar nan kafin in koma gida. Ƙarama nake so, ta mutum biyu. Ke kin san mota, ki zo ki duba." Ban tambayi wane ne na biyun ba. A tambayi me? Amal ce ke gida ɗaya da ita a unguwar Château Rouge. Amal ce auta, shalele. Ga ta can har ta cire takalmi ta haye motar farko tana buɗe kabad-kabad kamar tuni an ba ta makulli.

"Maman, regarde! Zo ki ga, har da frigo!"

Maman. Ita Maman take cewa, da dukan bakinta. Ni Hajiya nake cewa, kamar 'yar maƙwabta da aka aiko karɓar garwashi.

Kishi nake yi. To, na faɗa. Mace mai shekara talatin da ɗoriya, mai aiki a laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, tana kishin yarinyar da ta goya a hutun makaranta… Allah ya kyauta. Amma kujera biyu ce a gaban motar nan, ɗaya ta Hajiya ce, ɗayar kuma ni nake so. Ina son ta kamar yadda ban taɓa son wani abu ba, kuma ko za a yanka ni ba zan iya furtawa ba.

Wannan ta farkon, rufinta ake ɗagawa, gadon yana sama, sai an taka tsani. Tana da benci a baya. Benci — wurin mutum na uku! Idan na ce ita ce… a'a. Dubi Hajiya, hannunta a kan ƙofa, ƙafa ɗaya ta ɗaga tana tunanin ɗayar. Matakalar shiga kawai ke nan. Wace gwiwa ce za ta hau tsani? Gwiwar da aka yi wa aiki bara, ni na bar Minguettes, unguwarmu ta Lyon, na zo na zauna kan kujerar asibiti har bayana ya sandare, ni ce tasar fitsari, ni ce goge jiki, ni ce gardama da likita da faransancin da ya fi nasa tsafta — ta buɗe ido, bakinta a bushe, ta ce, "Auta ta ci abinci?" Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba wannan ba. Na girgiza kai, mun wuce, mun bar ta da bencinta.

Mai sayarwar yaro ne mai ladabi, Yanis aka rubuta a ƙirjin rigarsa. Yana duban su biyun, yana dubana, sai ya tambaya ko ni aminiyar gidan ce. Aminiya! Amal ta tuntsire da dariya, "Mais non, yayata ce!" Hajiya kuwa ta juya tana nazarin tayar mota kamar ta taɓa canza taya a rayuwarta. Laifinsa ne? Tun da muka shigo ba ta dube ni ido cikin ido ba. Ba ta kira sunana ba. Ba ta taɓa kira ba. 'Yar fari ce ni, kunyata take ji, haka aka yi mata tarbiyya, haka uwarta ta yi wa yayanta. "Ke." "Waccan." "Ta Lyon." Mace ta yi aiki cikin Turawa shekara da shekaru, ta tsaya gaban manya ta yi jawabi, ta bar daka, ta bar surfe, ta bar komai a Damagaram, amma wannan ɗayan ta ƙulle shi a bakin zane ta taho da shi.

Damagaram… ana yaye ni aka miƙa wa Kaka. Mota ta tsaya ƙofar gida, an ce baƙin Faransa sun iso, na sha kitso tun jiya, ina raɓe jikin zaure. Hajiya ta gaida kowa, ta shafa kan 'ya'yan ƙannenta, ta kira kowane da sunansa. Ni sai dai in ga takalmi a bakin ɗakin Kaka. "A ba yarinyar." Kuma kullum daidai ƙafata, ba ya matsewa, ba ya kwaɓewa. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina, ina cewa ta san ƙafata, a ɓoye take kallona… sai da na girma na ga Kaka na auna tafin ƙafata da zare tana ba matafiya.

Mota ta biyu. Gado ɗaya ne, faffaɗa, a gicciye can baya. Yanis na bayani: wuri ya fi yalwa, kayan tafiya su shiga ƙarƙashi. Amma wanda ke jikin bango sai ya tsallake ɗan'uwansa kafin ya sauko. Ya za a yi da asuba, in Hajiya ta tashi alwala? Na faɗa, a hankali, ina kallon katifar. Amal ta ɗaga kafaɗa.

"Ba komai, ai ko a gida tare muke kwana in ana sanyi."

Tare suke kwana. Ta faɗe shi kamar mai cewa an kawo burodi. Ni ban san ƙamshin matashin kan Hajiya ba. Ban san ko tana minshari ba. Na san sunan kowane maganinta, na san wanda ake sha kafin abinci, na san lambar gilashin idonta, amma ban san ta wane gefe take juyawa in barci ya ɗauke ta ba.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Haɗiye, Hamdiya. Wuce gaba.

Ta uku… wannan ce. Tun daga bakin ƙofa na sani, kuma haushi ya kama ni da na sani. Ƙananan gadaje biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ba su da tsawo daga ƙasa, a zauna kawai a miƙe ƙafa. Hanya a tsakani, za ta ɗauki dardumar salla in an karkata motar gabas. Na tsaya na ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, ban taɓa rufi ba. Banɗakin ƙarami ne amma daɓensa ƙasa-ƙasa yake, za ta wanke ƙafa ba tare da ta ɗaga gwiwa ba. Kujerun gaba suna juyowa su fuskanci tebur. Biyu. Babu benci, babu wani lungu da mutum zai ce bari in ɗosana.

Hajiya ta zauna bakin gadon dama, ta danna katifar da tafin hannu, ta sauke numfashi. Fuskarta ta saki. Ta yi mata. Amal ta riga ta baje kan na hagu tana ɗaukar rufin hoto, ƙafafunta kan bargon mutane. Nan ne wurina, tashi! Ban faɗa ba. Na dai gyara labule.

Yanis ya ce wannan samfurin iri biyu ne, duka suna nan: akwai wadda ake sa wa vitesi, wato giya, da hannu, akwai otomatik. Wacce za a ware?



Permin Amal, lasisin tuƙinta, na otomatik ne kawai. Doka ba ta ba ta damar taɓa ɗayar ba. Ta gwada, ta yi ta kashe motar koyo a Porte de la Chapelle ana danna mata oda, ta dawo gida da kuka, aka lallashe ta aka ce ta yi mai sauƙin. Ni kuwa da tsohuwar motata ta hannu nake hawan tudun Minguettes kowace safiya. Hajiya ba ta tuƙi. Kalma ɗaya ke nan… in na ce ta hannu — ta fi ƙwari a kan duwatsu, ta fi sauƙin gyara, ba ƙarya zan yi ba, kowane makanike zai sa hannu — in na ce ta hannu, kujerar ta zama tawa. Ba wanda zai ce na ƙwace. Teku, duwatsu, ni da ita, gado da gado, in ji numfashinta.

Amal ba ta ma ji ba, tana can tana neman wurin sa caja. Yarinyar nan ba ta taɓa yi mini komai ba. Abin haushin ke nan, ko faɗa ba ta iya ba.

Hajiya ta ji. Idonta na kan daɓe, ta nuna ni da haɓa.

"A tambayi waccan. Ita ta sani."

Tsaya. Ai ta san labarin permin. Ita ta share wa Amal hawaye ranar, a gabana. Ta sani sarai abin da ta hannu ke nufi. To me ta miƙo mini? Kirana take yi, ta hanyar da bakinta zai iya? Cewa take, ɗauki, ni ba zan iya ba ki ba, amma ɗauki? Ko kuwa ta dogara ne da ni, kamar kullum, ta san babba za ta matsa wa ƙarama, ta san zan ce otomatik in koma tasha in hau jirgina? Labarin zuciya a tambayi fuska — wace fuskar? Ga ta nan a sunkuye. In so ne, haka za ta sunkuya. In ba ta damu ba ne, haka za ta sunkuya.

In na ce otomatik, na ba da kujerar da hannuna. In na ce ta hannu, zan zauna kusa da ita har bakin teku, ina canza vitesi, ina satar kallonta, ban san ko 'ya ta ɗauko ba ko direba.

Yanis na jira, murmushinsa ya fara gajiya.

"Madame?"

Bakina a buɗe yake. Hajiya, ɗago kai mana… sau ɗaya…