Jar Saniyata da Konkur ɗin Hamdiya

Saniya guda da maruƙa biyu nake bin Elhaji Amani, ɗan ƙanen mijina. Shekara tara ke nan da na ba shi jar karsana habbanaye, lokacin da fari ya cinye mishi garke. Kowa a Dakoro ya san ƙa'idar da munka yi: in ta haihu uku ya riƙe ƴaƴan, ya maido mini uwar. Ta haihu biyar. Ban yi karatun lakkwal ba, amma ina da yatsu.

Ban taɓa tambaya ba, don ba a bin habbanaye da baki, abin kunya ne. Sai da Hamdiya ta zo.

Hamdiya jikata ce, tana shekarar ƙarshe ta karatun likita a Yamai. Ta zo hutu ta zauna mini tsakar gida kamar wadda anka yi ma sata.

Na ce, "Ke mummuna, wa ya mutu?"

Ta ce, "Kaka, aikin hiɗa nake so in koya, operasiyo. Shekara biyar ce ƙarƙashin manyan likitoci, kuma sai na ci konkur, jarrabawar shiga. Malamin da ke ba mu shawara ya ce in ɗauki fannin yara, wai hiɗa tsayuwa gare ta, mace ba ta jurewa."

"Shi ya taɓa sussukar hatsi tun safe har azahar?"

Ta yi dariya, sannan ta faɗi sauran: kwana goma sunka rage a ruhe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga, ga kuɗin takardu, ga littattafai, ga haya.

Da la'asar sai ga Elhaji da tashi shawarar. Ya gina ɗaki biyu jikin farmasinshi, likita kawai yake jira.

Ya ce, "Inna, ki yi mata magana. Ta gama, ta dawo gida ta fara ci. Shekara biyar kuma? Wa zai ɗauki nauyi?"

Na ce, "Jar saniyata."

Ya gyara hula. Wai tana can Bader Goula wajen makiyaya, sai bayan damina.

Ran kasuwa na ɗauki sandata na ce Hamdiya ta biyo ni. Na san in mutum ya ji ana son abu, sai ya yi sauri ya rabu da shi. Ga saniyar kuwa cikin kara, wajen sayar da shanu, ɗaure jikin turke, Yazidu dillali yana buɗa mata baki ma wani mai saye. Elhaji na tsaye gehe.

Na kama igiyar.

Elhaji ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, wannan ba ita ba ce. Ki dubi girmanki, mutane na kallo."

"Su nake so su kalla. Yazidu, juya ta hagu."

Ya juya ta. Ga tabo nan a kwiɓinta, ya kai kamu guda, miƙe sak, da sawun allura jere.

Na ce, "Tana karsana wani bijimi ya farke ta da ƙaho har ana ganin ciki. Mahauci ya zo da wuƙa. Yarinyar nan, tana shekara sha shida, ta ce a danne mata. Da allurar buhu da zaren takalmi ta ɗinke ta, hannunta bai yi rawa ba. Ta haihu biyar bayan haka. Elhaji, ƙarya nake?"

Yazidu ya bi tabon da yatsa, ya dubi Hamdiya ya ce, "Lokotoro, in cikina ya tashi ke zan nema."

Mutane sunka kwashe da dariya. Elhaji bai yi ba. Ya ce, "Kin kunyata ni, Inna."

"Shekara shida nake ruhe maka. Ya isa."

Nan take anka sallama saniyar ma mai saye, anka zuba mini kuɗin a hannu. Washegari Hamdiya ta hau motar Maraɗi, hanyar Yamai, da kuɗin da dosiyenta cikin leda. Na ce ta gaida mini malamin nan, ta gaya mishi in ya samu sukuni ya zo sussuka.

Ko ta ci konkur ko ba ta ci ba, ban sani ba tukuna, sai watan gobe. In ta faɗi ta sake baɗi. Elhaji ya daina gaishe ni a hanya, ɗakunanshi biyu ya zuba musu dusa. Maruƙan nan biyu suna wurinshi, sun zama bijimai. Na bar mishi ya ƙara kiwata su. Karatun shekara biyar ne.