Zanen Usta Abdul-Gawad

Ma'aikaciyar ta turo takardar bakin tebur, ta ɗora yatsa a layi na huɗu.

"Nan sunan wanda ya ƙirƙiri zanen ake so. Kai kuma ka rubuta sunan wani."

"Sunan maigidana ne, Usta Abdul-Gawad, Allah ya jiƙansa," in ji Shehata.

"To, shi ya zana?"

"Ni na zana."

Madam Nagwa ta cire tabarau ta dube shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana ofishin rajistar zane-zane, ta ga masu ƙaryar cewa abin wani nasu ne, amma irin wannan ba ta taɓa gani ba.

Shehata ya yi mata bayani a taƙaice. A layin masu ɗinkin rumfa na tsohuwar Alƙahira, inda ake yanka ƙyalle kala-kala a ɗora kan yadi da allura, wanda ke ƙarƙashin maigida ba ya cewa zane nasa ne. In ya ƙirƙiro sabo, sai ya ce daga hannun Usta, wato maigida a sana'ar, ya fito. Shi ma haka ya yi da zanen furen bado mai alhudahuda takwas, a shekarar da ya auri 'yar Usta. Shekara arba'in da biyu, duk wanda ya tambaya, amsar ɗaya ce. Yanzu ga wani kamfani na buga zanen da inji, yadi ya cika kasuwa, wanda aka ɗinka da hannu ba mai taya shi.

"Kamfanin yana da takarda, Baba," ta ce. "Ɗan marigayin, Ramzi, shi ya ba su izini a matsayin magaji. Kuma hujjarsu bakinka ne, kowa ya ji ka. Sai dai ka kawo wanda ya ga lokacin da ka zana, ya sa hannu a nan. Ranar Lahadi ake rufe fayil."

Cikin waɗanda suka gani, mutum ɗaya ya rage. Shehata ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Shubra, ya hau bene hawa uku yana hutawa a kowanne. Girgis, wanda a da yake huda takardun zane a shagon Usta, yana zaune bakin taga da bargo a gwiwa.

"Kai! Ashe ba ka mutu ba? Na ɗauka an yi makokinka ba a gayyace ni ba."

"Da na mutu ai kai za ka fara zuwa, saboda gahawar kyauta."

Girgis ya saurari zancen har ƙarshe, ya yi dariya har tari ya kama shi.

"Usta da ko kaza bai iya zanawa ba, balle alhudahuda? Ni na riƙe maka takardar, a kan akwatin zare. Miƙo biro."

Ya sa hannu, ya rubuta lambar katin shaidarsa a hankali. Yana mayar da murfin biron ya ce, "Ramzi ya san ka zo?"

"A'a."

"Yaron nan fa da gaske ya yarda na ubansa ne. An ce ma ya sa shi a gilashi ya rataye a falo."

"Yaron da ya ba hamsin baya."

"Har yanzu kana zuwa gidansa cin abincin Juma'a?"

Shehata ya ninke takardar ya sa a aljihun riga. Tun rasuwar matarsa, shekara shida, kuma ba su haihu ba, teburin Ramzi ne kaɗai wurin da ake ajiye masa kujera. Sauran kwana shida a shago yake ci, fuskarsa ga bango.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya fito daga tasha. Ya bi ta layin nasu. Shaguna uku a jere sun rataye yadin inji, tsuntsayen duk bakinsu ya karkace hagu, don wanda ya kwafa bai lura ba. Ba wanda ya ɗaga kai ya gaishe shi, kowa na kallon waya.

Tasa wayar ta yi ƙara. Ramzi ne.

"Yaya Shehata, gobe kada ka makara. Uwargida Samiha ta ce lalo za ta yi da zomo, kuma in ka sake barin kwano da saura, ita da kai ne."

"Ina nan tafe."

"Muryarka wani iri. Lafiya?"

"Bene na hau."

Ya tsaya wurin mai tuyan ƙosan wake a bakin ƙofar layin, ya ce a ba shi huɗu. Mutumin ya laluba ƙarƙashin tebur, tsofaffin jaridun da yake naɗi da su sun ƙare.

Shehata ya zaro takardar daga aljihun riga, ya warware ta, ya miƙa.

"Wannan da hatimi fa, Usta. Ba ta da amfani?"

"Naɗa."

Ya karɓa da zafinsa ya nufi shago. Kafin ya kai, mai ya ratsa takardar har ya taɓa masa tafin hannu.