Wurin da Autata Take Tsayawa

Shekara hamsin da biyu ina kiɗa. Sau biyu mota tana kifewa da mu, ina fitowa da gangata ko ƙwarzane babu. Waɗanda muka fara tare duk na binne su. Ban taɓa shiga aji ba sai ranar da autata ta kai ni nata, in raka ɗalibanta da ganga.

Yara take koya wa karanta kiɗa a takarda, layuka biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda. Gwaji aka ɗauke ta, kuma ranar ce mai duba malamai zai yanke ko za a bar ta.

"Baba, zauna in nuna maka takardar."

"Ke, ni? Tun ba a haifi wanda ya zana ta ba nake kiɗa."

Gaskiyar magana, kwana uku na yi ina laɓe tana bugawa a tebur, har na haddace. Akwai wuri guda da kullum take tsayawa. Na ce yarinyar nan mantuwa take yi, zan rufa mata asiri.

Yara talatin suna tafi, idonsu a allo, ina bin su da ganga. Muna isowa wurin, hannuwa suka tsaya cak. Mu a sana'armu ba a barin fili ya mutu. Na zuba wani salo mai zafi. Wasu suka biyo ni, wasu suka fashe da dariya, ƙirga ta watse.

Wata yarinya mai tabarau ta ɗaga hannu. "Kaka, nan hutu ne. Bugu huɗu. Ga alamarsa can."

Ashe wata biyu autata ta yi tana koya musu wannan shirun.

Mai duba malamai ya rufe littafinsa ya miƙe. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na tare shi a ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yaran sun tsaya daidai. Ni ne ban iya ba. A sake sau ɗaya."

Ya dubi agogo, ya koma ya zauna.

Autata ta zare sandar kiɗan daga hannuna a gaban kowa, ta ajiye a tebur. Suka yi babu ni. Da suka iso wurin, ajin ya yi tsit, bakuna talatin suna motsi, suna ƙirga bugu huɗun. Ina zaune kamar kayan wanki.

An bar ta a aikin. A hanyar gida sau ɗaya ta ce "Baba", shi ma don in kauce wa babur.